Cinikin Tikitin Zungeru

Akwai wani bawan Allah a cikin birnin Zariya, dillalin hatsi, ana ce masa Malam Aƙilu. Jama'a, mutumin nan ya iya ciniki. Ko allura zai saya sai ya taya. In mai kaya ya ce albarka, sai ya kaɗe riga ya juya, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa, har a ce, "Dawo Malam, kawo kuɗin." Da wannan yake cika baki a majalisa, wai shi bai taɓa juya baya an bar shi ya tafi ba.

Ni mai ba ku labarin nan ban raina ciniki ba. Da shi na riƙe marayuna tun da maigidana ya rasu, kuma har gobe ba a haifi mai tumatirin da zai cuce ni ba. Don haka ku saurara da kyau.

Mahaifiyarsa, Iya Batul, 'yar Zungeru ce, aure ya kawo ta Zariya. In aka taɓo garinsu sai ta gyara zama ta ce, "Mu fa garinmu ne hedikwatar Arewa zamanin Turawa, tun Kaduna ba ta san kanta ba."

'Yan ɗakinsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ita da ƙaninta Jibril, wanda yake can Zungeru, ga tsufa, ga ido ya yi rauni. Sun yi shekaru ba su haɗu ba, sai dai murya a wayar Aƙilu, don Iya ba ta riƙe waya.

Wata rana Barira, 'yar Kawu Jibril, ta kira. Ita da Aƙilu taubasai ne, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Sarkin ƙwauro, kana lafiya?"

"Lafiya lau, uwar ɓarna. Yau me kika cinye?"

Sai muryarta ta sauya. "Aƙilu, bar wasa. Jikin Baba ya ƙi. Kullum Gwaggo yake ambato. Ka kawo ta su ga juna."

Aƙilu ya zauna ya yi shawara da matarsa Sakinatu. Mota akwai tsada, ga Iya da ciwon baya, ba ta iya doguwar tafiya a naɗe. A shekarun nan kuwa jirgin ƙasa mai zuwa Ikko daga Kano yana ratsa Zariya sau ɗaya a mako, kuma yana tsayawa a Zungeru. Ga araha, ga wurin miƙe ƙafa. Aka tsayar da magana a kan jirgi.

Wani maƙwabcinsu da ya saba shiga ya ja masa kunne: "Malam, daga Kano yake cikowa. Kujerun da ake bar wa Zariya ba su da yawa. Ka yanki tikiti da wuri."

Ku zo ku ga murna wurin Iya. Ta sa aka ƙunsa mata lalle kamar amarya. Ta sa aka yi dambun nama, don ta ce Jibril tun yana yaro ba abin da yake so kamarsa. Ta bi gidajen unguwa da sandarta tana sallama. Sannan ta karɓi waya ta ɗaga murya kamar Zungerun a bayan katanga take.

"Jibo, jirgin Litinin zan shigo!"

Daga can ya ce, "Yaya, ni da kaina zan tare ki a tasha. Ko ban gan ki ba, na san takunki."

Ana jibi tafiya Aƙilu ya zura babbar riga, ya shiga a-daidaita-sahu zuwa tasha. Ya tarar da mai sayar da tikiti a bayan taga, ya tambayi kuɗin mutum biyu. Mutumin ya faɗa.

Aƙilu ya yi dariya. "To, na ji kuɗin baƙi. Yanzu faɗi na 'yan gari."

"Malam, kuɗin ke nan. Ga shi can a manne a bango."

"Bango ai ba ya ciniki, kai nake tambaya. Ɗayar fa tsohuwa ce, ko rabin kujera ba za ta ci ba."

"Ko jaririya ce mai furfura, kujera ɗaya kuɗi ɗaya. Ba ni na sa ba, ba ni zan rage ba."

Na bayansa a layi suka fara surutu. Wani ya ce, "Baba, nan ba kasuwar hatsi ba ce, a ba mu wuri."

Maganar ta soki Aƙilu. Ya mayar da kuɗinsa aljihu, kuɗin nan kuwa sun isa har da saura, ya kaɗe riga ya juya. Ya yi tafiyar nan tasa ta a hankali, kunne a baya. Ya kai bakin ƙofa, shiru. Ya tsaya gindin bishiya kamar mai duba waya, shiru. Da ya waiga, sai ya ga mutumin yana ta yankar wa na baya, ko kallon ƙofa bai yi ba.

A gida Sakinatu ta tare shi. "Malam, ina tikitin?"

"Ganin babbar riga ya sa ya ɗora. Bari ya kwana da kayansa, zai sauko."

"Don Allah ka koma gobe. Tsohuwar nan ko barcin kirki ba ta yi don ɗoki."

"Ke ba ki san kasuwa ba. Wanda ya juya ya koma da wuri, ya nuna a matse yake. Ranar tafiyar za su neme mu da kansu, su cika kujeru."

Ranar Litinin da safe Iya ta yi wanka, ta ɗaura sabon zani, ta zauna a zaure da jakarta a cinya. Aƙilu ya ce bari ya je ya karɓo tikiti ya dawo ya ɗauke ta.

Ya isa taga, mutumin ya ɗago ya gane shi. "Ayya, Malam. Tun jiya suka ƙare."

Aƙilu ya ce zai ƙara a kan kuɗin. Mutumin ya girgiza kai. "Ranar nan ban iya ragewa ba, yau ma ba ni da abin sayarwa."

Ya dawo ya ce wa Iya jirgi ya cika, bai faɗi dalili ba. Sakinatu ta ja shi gefe ta ce a nemi mota yau ɗin nan, ko a kwance ne a kai ta. Ya ce ina, mako ɗaya ai kamar gobe ne, a jira jirgi na gaba.

Da Iya ta ji, sai ta ce, "To ka kira Jibo ka faɗa masa, kada ya yi ta jira."

Ya ce to. Ya ɗauki waya, ya tuna bakin Barira da irin tsiyar da za ta yi masa in ta ji, ya ajiye. Ya ce sai an jima. An jimar nan ba ta zo ba.

Ana tsakiyar mako Barira ta kira. Wannan karon babu sarkin ƙwauro. Kuka kawai, da innalillahi: Kawu Jibril ya rasu. Kafin su gama jin maganar ma an yi masa sutura.

Ranar Aƙilu ya ɗauki shatar mota. Abin da direba ya fara faɗa shi ya biya, har direban ya tsaya yana kallonsa. Aka jera wa Iya matasai, ta sha wahalar hanyar nan duka ba ta yi ko tari ba.

A Zungeru, bayan an yi gaisuwa, Barira ta zauna kusa da Iya tana share hawaye.

"Gwaggo, ranar Litinin ɗin nan ba yadda ba mu yi da shi ba. Ya ce sai an sa masa farar rigarsa an kai shi tasha. Na kira Aƙilu, bai ɗauka ba, Baba ya ce ai kuna hanya, ba sabis. Jirgi ya yi latti, bai tashi daga benci ba. Da ya iso, duk macen da ta sauko sai ya ɗago kai ya ce, Yaya ce? Har jirgin ya wuce. Ya ce mini, ƙila barci ya ɗauke ta, bari mu ɗan ƙara. Daga ranar bai sake fita ba."

Aƙilu yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Iya ta ce a kai ta tashar. Barira ta nuna mata bencin. Ta zauna, ta shafa katakon da tafin hannunta, ta daɗe tana kallon layin dogo. Ba wanda ya faɗa mata abin da ya faru a tagar tikiti, amma ita ta haifi Aƙilu.

"Aƙilu."

"Na'am, Iya."

"Nawa suka rage maka?"

Ya durƙusa a gabanta. "Ko kwabo, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dai mayar da idonta kan layin dogon ta ce, "Da ka tambaye ni, da na cika maka."

Darasi: Ciniki halal ne, kuma ba wanda ya ce ka bari a cuce ka. Amma akwai abin da in ka juya masa baya ba mai kiranka ka dawo. In tsohonka ya ce yana son ganin ɗan'uwansa, ka biya ka kai shi yau, kada girman kai ya sa ka jira ragi. In kuma ka yi kuskure, ka ɗauki waya ka faɗa, a yi maka dariya ya fi a bar wani yana jira. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman masu tsofaffi a gida. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage.