Injin da Bai Kai Buhu Goma Ba

Akwai wani tsohon mai walda da ke da shago a bakin titin kasuwa, yana aiki tare da 'ya'yansa maza biyu. Babban, kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ƙaramin kuwa Auta.

Da idon tsohon ya fara rauni, sai ya ajiye walda ya koma kan kujerar roba a bakin ƙofa, mabuɗin shagon na rataye a wuyansa da igiya. Wata rana ya ce musu idan an gama girbin bana zai cire mabuɗin nan ya ba ɗayansu, shi ya koma gida ya huta. Bai faɗi wanda zai ba ba.

Yaya bai ga abin tambaya a nan ba. Shekara goma sha takwas yana ƙera ƙofofi, kuma a faɗi gaskiya waldarsa ba ta da makusa. Sai dai fa ƙofar ɗaya ce tal. Ya zana fasalinta da farin fenti a kan simintin tsakiyar shago, kullum sai ya jera ƙarafa a kan zanen, ya bi su da walda, ya miƙe. In ka zo masa da wani fasali daban, sai ya ce ai wannan ba ya ƙarko, ya yi ta lallaɓa ka har ka tafi da irin tasa. Babban abin tinƙahonsa shi ne ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ana cikin haka aka aiki Auta gyaran ƙofa a wata babbar gona. A can ya ga injin casar masara ɗan ƙasar waje, ana zuba masa masara ta sama, tsaba na fita ta nan, totuwa na fita ta can, buhu goma a awa ɗaya. Ya dawo shago idonsa a waje, ya ce shi ma sai ya ƙera irinsa da tsofaffin ƙarafan da ke jibge a bayan shago.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ba shi shawara in dai son wahala yake, ya yi ɗan ƙarami na juyawa da hannu, wanda zai fitar da buhu ɗaya, ya rufa wa kansa asiri.

"Yaya, in na ce ɗaya, a ɗaya zan tsaya," in ji Auta. Ya ɗauki alli ya rubuta goma da manyan lambobi a jikin bango.

Da farko abin nishaɗi ya zame wa Yaya. Ya laƙaba wa ƙanensa suna Injiniya, duk wanda ya shigo shago sai ya ja shi baya ya nuna masa tarin ƙarafan. Gwajin farko bel ya tsinke. Na biyu injin ya niƙe masarar har da totuwa. Na uku ya yi ta rawa har ya kusa fita ta ƙofa da ƙafarsa.

Dariyar Yaya ta ɗauke ne ranar da ya ɗago kai ya ga babu kujerar roba a bakin ƙofa. Tsohon ya ja ta da kansa zuwa bayan shago. Yana zaune kusa da Auta, yana shafa haƙoran ƙarfen da yatsa, yana cewa a rage nan, a ƙara can. Yaya ya tsaya da walda a hannu yana kallonsu. A duk shekarun nan bai tuna ranar da mahaifinsa ya taso ya shafa ƙofarsa ba.

Jama'a, hassada ce ta kama shi, ba wani suna da za mu ba ta. Ko ƙarar gudumar Auta ya ji sai ransa ya ɓaci. A gida matarsa ta tambaye shi me ya sa yake barin abinci, ya ce ƙarar injin ce ke sa masa ciwon kai. Ta dube shi kawai ta kwashe kwanon, don ta san shekarunsa nawa a cikin ƙara bai taɓa ciwon kai ba.

Da girbi ya zo, Auta ya ce injin ya haɗu. Shi so ya yi ya gwada shi a bayan shago, daga shi sai mahaifinsu. Yaya kuwa ya riga ya leƙa, ya san injin nan ba zai kai goma ba. Sai ya ga dama ta samu. Ya ce ai abin arziki ba a ɓoye shi, a bari sai ranar kasuwa a fito da shi bakin titi.

Nan fa Yaya ya zama mai shela. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa direbobi, ya bi manoman da suka shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya yana cewa su zo su ga Injiniya zai casa buhu goma a awa guda. Har benci ya aro ya jera. So yake a yi wa ƙanensa dariya a gaban tsohon, maganar mabuɗi ta mutu daga nan.

Aka taru. Auta ya tada inji, aka fara zuba masara. Sau biyu bel yana fita ana mayarwa. Awa na gab da cika wata walda ta saki, injin ya yi tari ya tsaya cak.

Yaya ya zagaya buhunan yana taɓa su ɗaya ɗaya, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji.

"Goma aka ce mana. Ni dai huɗu na gani, sai dai in ni ma idon ne ya fara rauni."

Masu zaman banza biyu ko uku suka yi dariya. Manoman ba su yi ba. Wata dattijuwa ta taso daga benci, ta tura hannu cikin buhu ta ɗebo tsaba ta duba. Sannan ta juya ta nuna wa Yaya babban yatsanta, duk ya tsattsage ya yi kanta.

"Ɗan nan, ka taɓa murza masara da hannu? Ni da 'ya'yana mata uku, wuni biyu muke yi kafin mu cika buhu ɗaya." Ta juya wurin Auta. "Yaushe za ka kawo mana shi gona?"

Abin da Yaya bai sani ba ke nan. A gari aka haife shi, masara a buhu ya san ta. Shi ya ga shidan da suka rage, su kuwa sun ga huɗun da suka fito. Kafin ka ce me, an yi wa Auta zobe, kowa na faɗin ranar da yake so. Kuma duk mutanen nan Yaya ne ya kira su da bakinsa.

Da aka watse, Auta ya zauna a kan buhu kansa a ƙasa. Ya ce wa mahaifinsu ya yi haƙuri, ya yi alkawarin goma bai cika ba. Sai tsohon ya kira babban ɗansa.

"Kai, a shekarun nan, me ka taɓa sa wa gaba ya gagare ka?"

Yaya ya gyara tsayuwa. "Babu, Baba. Ban taɓa kasa aiki ba."

"Abin da ya daɗe yana damuna ke nan," in ji tsohon.

Ya cire igiyar daga wuyansa a hankali, ya rataya wa Auta.

Auta bai yi murna a gaban yayansa ba. Ya ma ce masa waldar da shi Auta ya yi ce ta saki a gaban mutane, kuma kowa ya san da Yaya ne ya haɗa gangar jikin injin da ba ta saki ba, yana roƙonsa ya kama masa. Yaya ya ɗauki rigarsa ya fita.

Washegari, kamar yadda ya saba, ya yi sammakon zuwa shago. Ya tarar da ƙofar a kulle, ƙofar da shi ya ƙera da hannunsa. Haka ya tsaya a bakin titi yana amsa gaisuwar masu wucewa, har ƙanensa ya iso ya buɗe masa.

Yau Yaya ne ke haɗa gangar jikin injinan, kuma ba injin da waldarsa ta taɓa saki. Injin ya kai buhu shida, goman nan tana nan a bango Auta ya hana a goge. Zanen ƙofar da ke kan siminti kuwa, takalman manoma masu shiga da fita sun cinye fiye da rabinsa.

Darasi: Kada tsoron gazawa ya sa ka rage burinka. Wanda ya nufi goma ya samu huɗu ya fi wanda ya nufi ɗaya ya cika, ya kuma fi wanda ya tsaya a gefe yana ƙirga abin da wani ya kasa. In ka ji nasarar ɗan'uwanka na yi maka ciwo, duba ka ga ko kai ne ka daɗe ba ka gwada komai ba. Ku tura wannan ga wanda ake yi wa dariya saboda girman burinsa, domin ya ƙara ƙaimi.