Indararon da Aka Juya

Akwai wani maigida da ya gina soro mai kyau. Da damina ta faɗi, sai ya ga indararon soron yana zuba a tsakar gidansa, har ƙofar ɗaki ta zama taɓo. Ya hau tsani ya cire shi, ya kafa shi ta bayan gida. A nan kuwa ɗakin wani tsoho yake, mai saƙar tabarma, wanda ba shi da kowa. Ruwan ya riƙa sauka daidai gindin bangonsa.

Tsohon ya zo ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, ruwanka yana cin bangona."

Maigidan ya ce, "Baba, ni nake yin ruwan sama? Allah ne mai saukar da shi." Tsohon ya dube shi, ya juya ya tafi.

To, ɗakin maigidan yana da taga mai kallon bangon nan. Kullum ya leƙa sai ya ga laima tana hawa, gabansa ya faɗi. Ya ce a ransa ai ɗakin tsohon dā ma ya tsufa, ya ɗauki curin laka ya liƙa a gefen tagar. Wata rana ya ce kowane indararo a garin nan a kan wani yake zuba, ya ƙara curi. Daga baya ya ce laifin tsohon ne da bai yi yaɓe ba. Kafin gero ya yi kai, tagar ta toshe gaba ɗaya. Ya gaya wa matarsa saboda sauro ne, shi ma ya yarda da haka.

Wata rana da tsakar rana aka yi ruwa mai ƙarfi, bangon ya rufta a kan tsohon yana zaune yana saƙa. Maigidan yana cikin waɗanda suka haƙa kabari, yana ta gaya wa mutane kwana ne ya ƙare. Ya dawo gida ya ci tuwo malmala biyu, har ya nemi ƙarin miya.

Damina ta wuce, rani ya shigo. Wata rana matar tana daka, sai ta ji ɗigar ruwa a bayan gida, ɗis, ɗis. Ta zaga ta duba. Ba gajimare ko ɗaya a sama, indararon a bushe, har ƙadangare yana kwance a ciki, amma ɗigar ba ta tsaya ba. Maƙwabta ma suka fara ji, suka daina bin lungun.

Ta shiga ɗakin nan mai duhu, ta ce, "Maigida, ba ka ji?"

Ya karkata kunne, ya saurara da gaske, ya ce, "Ban ji kome ba." Ba ƙarya ya yi ba kuwa.

Ga ma'anar misalin. Indararon shi ne cutar da muke turawa kan wani don namu gida ya zauna a bushe. Tagar ita ce lamirin da Allah ya sa a cikinmu, curin laka kuwa hujjojinmu ne: ba ni ba ne, kowa yana yi, shi ya jawo wa kansa. Na san yara suna jira su ji soron ya faɗa wa maigidan. Bai faɗa ba, abin da yake ba ni tsoro ke nan, gama wanda ba ya jin laifinsa ba ya neman gafara.

'Yan'uwa, in har gabanka yana faɗuwa idan ka tuna da wani, ka gode wa Ubangiji, tagarka da sauran kafa. Ka je ka juya indararon a makon nan, tun mai ɗakin yana da rai.