Ɗaki na Uku a Injin Masu Hoto

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Dugbe, cikin Ibadan, sunansa Adigun. Ya shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoton biki, kuma shi ne ciyaman na ƙungiyar masu hoto ta layinsu.

Ƙungiyar ta sayi babbar kwamfuta guda ɗaya aka ajiye a ofis. Ifedayo, injiniyan da ke kula da ita, ya raba cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki sabar ce mai zaman kanta da tsarinta daban. Mutum biyu suka fara shiga. Ɗakin Adigun na tsarin Windows ne, don da shi ya saba. Na Morenike kuwa na Linux ne.

A hannun Adigun Morenike ta koyi aiki, kafin ta buɗe shagonta a tsallaken titi. Har yanzu sai ta durƙusa take gaishe shi. Amma tun da amare biyu suka wuce ƙofarsa suka shiga tata, ya daina yarda da durƙuson.

Wata rana ya kira injiniyan.

"Ife, zo nan. Inji ɗaya, waya ɗaya, wuta ɗaya, sannan ka ce mini yarinyar nan ba ta ganin lambobin kwastomomina?"

"Baba, kamar gidan haya ne. Rufi ɗaya, amma kowa da ƙofarsa. Ko yaren da ɗakinku yake ji, nata ba ya ji."

"Ni za ka ba labarin gidan haya? Na zauna a ciki, har tarin maƙwabcina nake ji."

Ifedayo ya yi dariya. Adigun bai yi ba. Ya sha hango injiniyan yana tsallaka titi da kwanon amala biyu, ya zauna a bencin shagon Morenike, ya fi sauraronta a kan cin abincin.

A watan ne Adigun ya ɗauki bikin wata amarya mai suna Abeni. Mahaifinta ba shi da lafiya, amma ya dage aka kawo shi, har ya miƙe ya yi rawa da ita na minti ɗaya. Bayan kwana tara ya rasu. Adigun ya zuba hotunan duka a ɗakinsa na injin, ya goge katin kyamara ya yi wani bikin da shi. Abeni ta ce za ta zo karɓa idan an gama zaman makoki.

Da Ifedayo zai tafi Oshogbo na 'yan kwanaki, Adigun ya tare shi.

"Ba ni babban makullin injin."

"Baba, ba abin da za ku buƙata a can."

"Ni ne ciyaman ko kai?"

Ifedayo ya rubuta masa lambobin sirrin, ya ce don Allah kada a taɓa komai sai an kira shi.

Ranar Alhamis da rana Adigun ya rufe ofis ya buɗe allon. Ya ga ɗakinsa. Ya ga na Morenike. Sai ya ga na uku, ba suna, lambobi kawai. Linux ne, irin nata. Kuma kullum ƙarfe huɗu na yamma ɗakin yana kwafe duk abin da ke cikin nasa.

Ya jingina da kujera yana girgiza kai. "Na kama ku."

Wayarsa tana aljihu, bai ciro ta ya kira Ifedayo ba. Ya danna gogewa. Injin ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake tambayarsa. Duka biyun ya ce eh.

Ranar Asabar wani saƙo ya shigo, wai kwastoma ne ya turo samfurin hoton da yake so. Adigun ya buɗe, ashe cutar kwamfuta ce a ciki. Kafin azahar duk hotunan ɗakinsa sun kulle, ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Ifedayo ya baro Oshogbo a ranar. Ya tarar da 'yan ƙungiya cike da ofis, Morenike tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ita ce!" in ji Adigun. "Ita da wannan mai kai mata amala!"

"Baba, ku kwantar da hankalinku," Ifedayo ya ce yana jan kujera. "Cutar ta tsaya a ɗakinku, ko na Anti Morenike ba ta taɓa ba. Kuma don irin wannan ranar na yi muku ɗakin ajiya. Da gangan na sa masa tsari daban, don cutar da ta kama naku kada ta iya shigarsa. Na faɗa a taron ƙungiya, kuna waje kuna waya. Minti goma, komai zai dawo."

Ya buɗe allon. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya goge ɗaki na uku?"

Sannu a hankali kowa ya juya ya kalli ciyaman.

"Na zata nata ne," Adigun ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na zata kai ka buɗe mata."

Ifedayo ya cire tabaransa ya ajiye. "Baba, gaskiya ne ina sonta. Ita kanta ban gaya wa ba tukuna, yau kun gaya mata a gaban kowa. Amma ban taɓa ba ta komai naku ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba."

Morenike ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Baba, ku ba ni sunayen waɗanda suka je bikin."

Kwana uku tana bin gidaje tana duba wayoyin mutane. Ta samo hotunan abinci, na ankon 'yan mata, na makaɗa. Na rawar uba da 'ya guda ɗaya ta samu, an ɗauka daga nesa, kan wata mata ya rufe rabin fuskar tsohon.

Ranar da Abeni ta zo, Adigun da kansa ya miƙa mata hoton, ya gaya mata abin da ya yi bai rage komai ba. Ta daɗe tana shafa gefen hoton da yatsa.

"Amma Baba, ku ne kuka tsaya a gabanmu," ta ce. "Ku mahaifina ya yi wa murmushi."



Darasi: Zargi yana sa mutum ya kalli wanda ke tsare masa kaya a matsayin ɓarawo. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka ɗaga hannu, domin akwai abin da in ya goge ba ya dawowa. Ku tura wa wanda kuka san zuciyarsa tana saurin zargi.