Giyar da Junaidu Ya Yi wa Ƙarya

Akwai wani bakanike a Mabera, cikin garin Sakkwato, ana ce masa Junaidu. Jama'a, ku daure ku karanta har ƙarshe.

Junaidu ya iya aiki, wannan babu mai musu. Shekara goma sha bakwai yana cikin inji. Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. Daga Gidan Dare, daga Unguwar Rogo, har daga ƙauyuka ana jawo masa motocin da suka gagari wasu.

Amma ba a gyara masa magana. Ko abokan sana'arsa na layin sun san haka. In ka ga ya yi kuskure, gara ka kau da kai, don in ka yi magana sai ya wanke ka tas a gaban mutane.

Wata Asabar da hantsi, wata mata ta shigo garejin da ƙaramar motarta. Sunanta Malama Rahma. Tana da ciki wata takwas, mijinta kuma yana aiki can nesa, sai ƙarshen wata yake zuwa. Motar nan ita ce ƙafarta, kuma da ita take sa ran zuwa asibiti in haihuwa ta zo.

Ta yi sallama, ta fito a hankali riƙe da wani ɗan kwali.

"Malam Junaidu, in na tada ta da safe tana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, sai ta yi shiru. Fitilar inji ma ta kama. Giyar bi-bi-ti ce ta mutu. Ga sabuwa na sayo wurin Saifullah mai kayan mota, ina so ka canza min."

Ga wanda bai sani ba, wannan giya wani ƙarfe ne mai haƙora, tana zaune ne a bakin sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji. Baƙin mai ne ke motsa ta, ita ce ke gaggauta buɗewarsu ko ta jinkirta. Sarƙar taimin, mai daidaita lokacin motsin inji, tana bi ta kanta. In aka ɗaura ta ba daidai ba, bawul da fistin sai su yi karo.

Junaidu ya kalli kwalin, ya kalli matar, ya yi wata dariya.

"Hajiya, ke kinka duba, ke kinka sayo magani, to ni mi zan yi?"

"Ɗaurawa kawai," in ji ta.

Ya tada motar ya saurara, ya jona kwamfuta. Abin da ta faɗa shi ne. Maimakon ya ce ta yi gaskiya, sai ransa ya ɓaci. Ya buɗe bonet ya fara kwance murfin saman inji ba tare da ya sake kallon ta ba.

Malama Rahma ta jawo benci ta zauna a inuwar darbejiya, kusa da motar. Aikin ya ɗauki lokaci. Ya sassauta sarƙa, ya cire tsohuwar giya, ya ɗaura sabuwa, ya mayar da sarƙa. Yana yi yana amsa waya, yana hira da masu wucewa.

Da ya ɗauko murfi zai rufe, sai ta miƙe da ƙyar ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Ta ciro wayarta ta ɗauki hoto.

"Malam, don Allah dakata. Kamar alamar giyar ba ta hau kan alamar sarƙa ba."

Junaidu ya ɗago. Makanikai biyu da ke aiki a gefe suka daina abin da suke yi.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ka sake dubawa. Ko kuma ka juya injin da hannu sau biyu kafin ka murza makulli. In akwai karo za ka ji."

"Hajiya," ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "na taɓa shiga madahwarki na ce gishiri ya yi yawa? Koma ki zamna. Shekara goma sha bakwai nike wanga aiki."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Motata ce, kuma ina roƙon ka kada ka tada ta haka."

Ya rufe murfin, ya ɗaure, ya shiga ya murza makulli.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙarrr!

Ƙarar ta cika garejin, kamar an jefa guduma cikin injin niƙa. Motar ta girgiza ta mutu. Ya sake murzawa. Injin ya juya fayau, ba nauyi, ba alamar tashi.

Duk wanda ya san inji ya san ma'anar wannan ƙara. Bawul-bawul sun lanƙwashe.

Malama Rahma ta dafe bonet tana salati. Junaidu ya fito, gumi na zuba a fuskarsa. Ya ga makanikan layin sun fara taruwa, kowa ya zuba masa ido. A wannan lokacin magana ɗaya ce ta rage masa: na yi kuskure. Da ya faɗe ta, da labarin ya ƙare a nan.

Sai ya sunkuya ya ɗauki kwalin giyar ya ɗaga sama.

"Jabu ta! Wallahi jabu ta! Ga abin da Saifullah ka saida ma mutane, ya kashe ma baiwar Allah mota!"

"Malam Junaidu, ba giyar ba ce..."

Bai tsaya ya ji ba. Ya nufi layin masu sayar da kayan mota yana ɗaga kwali yana faɗa. Mutane suka bi shi. Direbobi, masu babur, da waɗanda ma ba su san abin da ya faru ba. Kusan kowa a cikinsu an taɓa cutar sa da kayan jabu a wani wuri, kowa da haushinsa a ciki.

Saifullah mutum ne marar hayaniya. Shekara biyu ke nan da buɗe ɗan shagonsa, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Yana zaune yana shan fura sai ya ga taro a bakin ƙofa.

"Lahiya, Malam Junaidu?"

"Lahiyar ke nan, macuci! Mace mai ciki ka biɗa ka cuta?"

"Ni? Wallahi giyar nan ta asali ta, ga takardarta..."

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Aka finciko shi waje, furar ta kife a kan kaya. Wani ya kama wuyan rigarsa, wani ya fara watso kwalaye daga kan kanta. Sai wani ƙato da ba wanda ya san shi ya zo ta baya, ya dunƙule hannu ya kai masa duka a kunnen hagu.

Saifullah ya faɗi. Da ya ɗago, jini na fita daga kunnen yana bin wuyansa.

Junaidu ya tsaya da kwali a hannu, baki buɗe. Bai yi zaton abin zai kai haka ba. Amma ko a lokacin bai faɗi gaskiya ba.

"Ku bari! Ku ji tsoron Allah, ku bari!"

Malama Rahma ce. Ba ta iya sauri ba, sai yanzu ta iso tana haki, hannu ɗaya a ƙugu. Tare da ita akwai Baba Sa'ad, dattijon da ke shugabantar makanikan layin. Ganin furfurarsa ya sa aka ja baya.

Ta miƙa masa wayar. "Baba, duba hoton nan. Na ɗauka kafin ya rufe murfi. Ga alamar da ke jikin giya, ga mahaɗin sarƙa mai launi. Ƙirga haƙoran da ke tsakaninsu."

Baba Sa'ad ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Ukku," ya ce. "Haƙori ukku ta kauce. Innalillahi. Ɗiyata, ina kinka san wanga?"

"Shi nake koyarwa, Baba. Shekara tara ina koyar da gyaran mota a makarantar fasaha. Da ba don cikin nan ya hana ni sunkuyawa ba, da kaina zan ɗaura."

Aka fara kallon-kallo. Makanikan da suka yi dariya ɗazu suka sunkuyar da kai. Wanda ya kama wuyan rigar Saifullah ya ja da baya yana goge hannu a wando. Ƙaton da ya yi dukan kuwa, aka waiga babu shi.

Baba Sa'ad ya juya. "Junaidu, ta ce maka ka duba?"

Junaidu ya kau da kai.

"Da kai nike. Ta ce maka ka juya injin da hannu?"

"Ta ce, Baba."

"Kuma da ka ji ƙarar, ka san ba giya ba ta?"

Kwalin ya suɓuce daga hannun Junaidu. Ya ce, "Na sani."

Wata mata mai sayar da abinci a gefe ta ɗora hannu a ka ta saki salati. Mutumin da duk layin ke kawo wa aikin da ya gagara, shi ne ya tsaya a gaban jama'a ya ɗora laifinsa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Malama Rahma ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tare keke mai ƙafa uku, aka ɗaga Saifullah aka sa a ciki, ta shiga gefe suka tafi asibiti. Motarta na can gareji a mace, ko waiwayen ta ba ta yi ba.

Kafin la'asar Baba Sa'ad ya sa aka buɗe injin a gaban shaidu. Giyar lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu. Bawul takwas ne suka lanƙwashe. Nan take makanikan suka ce sai Junaidu ya tattara kayansa ya bar layin.

Washegari Malama Rahma ta dawo, ta iske ana maganar. Kowa ya ɗauka za ta ce a kira 'yan sanda.

"Baba, korar sa ba za ta wanke Saifullah ba," ta ce. "Jiya mutum ɗari sun ji an ce yana sayar da jabu. Waɗanda suka ga hoton ba su kai ashirin ba. Da bakinsa ya ɓata shi, da bakinsa zai gyara. Motata kuma shi zai gyara, ina zaune ina kallo."

Haka aka yi. Junaidu ya bi layin shago-shago, gareji-gareji, har tashar masu babur. Duk inda ya tsaya sai ya ce, "Ni na ɓata motar. Kayan Saifullah na asali na. Ƙarya na yi mishi." Wasu suka tofa masa magana, wasu suka juya masa baya. Ya haɗiye.

Kwana huɗu ya yi yana aikin injin, kuma shi ya ɗauki nauyin duk abin da ya lalace. Malama Rahma na kan benci tana cewa a yi kaza, yana cewa to. Motar ta tashi lafiya, ƙarar safe ta ɓace. Bayan sati uku, a cikin motar nan maƙwabciyarta ta kai ta asibiti, ta sauka lafiya.

Saifullah ya yi kusan wata bai buɗe shago ba. Junaidu ya je gidansa sau biyu, ana ce masa yana kwance. Ranar da ya ji ya fito kasuwa, sai ya ajiye sifana ya tafi.

Ya same shi yana jera kaya. Ya tsaya ta gefensa na hagu, ya yi ƙasa da murya don kunya.

"Saifullah, don girman Allah ka yahe min."

Saifullah ya ci gaba da jera kwalaye.

Junaidu ya sake faɗa. Nan ma ko motsi. Ya ɗauka fushi ne, ya juya zai tafi jiki a sanyaye. Inuwarsa ce ta sa Saifullah ya waiga.

"A'a, Malam Junaidu! Yaushe ka zo? Magana kake?"

"Tun ɗazu nike ba ka haƙuri."

Saifullah ya yi ɗan murmushi, ya juyo da ɗaya gefen fuskarsa.

"Zagayo ta nan ka hwaɗi. Wancan kunnen likita ya ce ya tahi ke nan."

Junaidu ya durƙushe a bakin shagon, a gaban masu wucewa, ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin mai yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Saifullah ya dafa kafaɗarsa. "Tashi. Na yahe maka tun ina gadon asibiti."

An gyara mota, an yafe laifi. Amma har yau, in ka shiga shagon Saifullah, sai ka tsaya ta damansa kafin ya ji ka.

Darasi: In an nuna maka kuskurenka, ka tsaya ka duba, ko wane ne ya nuna maka, mace ko namiji, babba ko ƙarami. In kuma ka riga ka ɓata, ka ce "ni ne" tun da wuri. Kunyar minti ɗaya Junaidu ya guda, wani bawan Allah ya rasa kunnensa har abada. Kai kuma da ke bin taro, kada ka ɗaga hannu a kan maganar da ba ka tabbatar ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda wannan labarin zai tsayar kafin ya yi irin ta Junaidu.