Gizo Wakilin Kurmi da Titin Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Akwai wani tsohon kurmi da ake kira Kurmin Maɗatai. Tsufansa ya kai ko Kunkuru, da ya girme kowa, yana cewa haka ya buɗe ido ya ga itatuwan. Maɗaci da kanya da tsamiya sun haɗa kai a sama, rana ba ta taɓa ƙasa sai ta nemi izini.

Wata safiya namun daji suka tashi suka ga an jera turaku masu jan kai, sun ratsa tsakiyar kurmin. Biri ya lasa ɗaya, ya tofar. Hankaka, da yake yana shiga gari, ya ce, "Ku daina lasa. Titin jirgin ƙasa za a shimfiɗa ta nan."

Aka taru a gindin kuka. Kunkuru ya ce, "A aika wani ya roƙe su. Ga fako can gabas, ko ciyawa ba ta fita, su bi ta can mana."

Gizo ya yi tsalle ya faɗo tsakiya. "Ni za ku aika! Ni kaɗai na iya Turanci a nan."

Alhali duk Turancin nasa bai wuce "Yessa" ba.

Gizo ya isa zangon ma'aikata, ya tarar da shugabansu, Injiniya Dogara, yana karin kumallo. Injiniya ya zuba masa shayi mai kauri, ya yanko burodi ya shafa masa bota. Gizo ya kurɓa, ya lumshe ido, sai saƙon Kunkuru ya bi shayin ya wuce ciki.

Injiniya ya ce, "Dama irinka muke nema. Daga yau kai ne Babban Mai Ba Da Shawara Kan Jin Daɗin Namun Daji." Ya kifa masa hular kwano ruwan ɗorawa.

Gizo ya ce, "Yessa! Amma ranka ya daɗe, akwai wata kuka da nake kwana a kanta."

"Kada ka damu, kukarka tana hannuna."

Gizo ya dawo yana tafiya a karkace, hula ta rufe masa ido. Aka ce, "Yaya maganar fako?" Ya ce, "Ana dubawa."

Kwana kaɗan zarto ya fara kuka. Aka zo kan maɗacin da Mujiya ke zaune, kakanninta ma a kogonsa aka ƙyanƙyashe su. Ta zo wurin Gizo da gudu. "Malam Gizo, ƙwaina na ciki!"

"Haba Gwaggo, ai ci gaba ne ya same ki. Duk itace ɗaya da aka sare, goma za a dasa."

Ya ja ta bakin hanya ya nuna mata dashe goma a cikin baƙar leda, kowanne bai fi tsinken sakace ba.

Mujiya ta ce, "A ina zan sa ƙwan?"

"Ki ɗan jira su girma."

"Yaushe?"

"Jikokin jikokinki za su gode mini."

Maɗaci ya faɗi da ƙwan a ciki. Washegari akuyar mai gadin zangon ta cinye dashen duka. Mujiya ta tashi ta yi arewa, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Aka tara ƙasa aka yi tudu dogo, aka kafa shingen waya hagu da dama. Gada ta wayi gari ita da ɗanta suna wannan gefe, tafki yana wancan. Ta zo wurin Gizo. "Malam Gizo, ɗana bai sha ruwa ba tun jiya."

"Haba ƙanwata, ai ci gaba ne ya same ki. An yi muku hanya ta musamman a ƙarƙashin titi."

Ya kai ta ya nuna mata bakin wani bututu da ko gafiya sai ta matse ciki.

Gada ta ce, "Kaina ma ba zai shiga ba."

"To ki rage ƙiba. Masana ne suka auna."

Gada ta dubi ɗanta, harshensa a waje. Ta tura shi gaba suka yi kudu, suna tafiya yana faɗuwa.

Sai katafila ta juyo kan tafkin, don ana son a cike shi tudu ya wuce ta kai. Kwaɗo ya zo da ƙura a fuska. "Malam Gizo, sun binne mana ruwa!"

"Haba abokina, ai ci gaba ne ya same ka. Zo ka gani."

A inda tafkin yake an kafa ƙaton allo, an zana kwaɗo yana murmushi a cikin ruwa shuɗi.

Kwaɗo ya ce, "Cikin allon zan yi iyo?"

"Kai dai ba ka da godiya. Ni kaina ba a zana ni ba."

Kwaɗo ya kwashi iyalinsa suka yi yamma. Kunkuru ya bi bayansu a hankali. Da zai wuce ya ce, "Gizo, kan maganar fako dai muka aike ka." Gizo ya yi kamar hula ta toshe masa kunne.

Kurmi ya zama fili fetal, sai kukar Gizo kaɗai a tsaye. Gizo ya hau ƙoli yana cewa, "Mai wayo ya rage." Ya saƙa yana, ya zauna jiran ƙuda. Shiru. Ba tafki, ba sauro, ba fure, ba ko ɗan ƙwaro. Cikinsa ya fara kiran sunansa.

Ana gobe bikin buɗe titi, ya ji zarto a gindin kukar. Ya sulalo da gudu wurin Injiniya. "Ranka ya daɗe, kukata! Ka ce tana hannunka!"

"Ai shi ya sa na sa a sare. Manyan baƙi na zuwa, a ina za su ajiye motoci?"

"To ni fa, Babban Mai Ba Da Shawara?"

Injiniya ya waiga hagu, ya waiga dama. "Shawara kan namun daji? Ina namun dajin? Aikinka ya ƙare, kawo hular kamfani."

Gizo ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Yessa."

Ranar biki aka yi kiɗa, aka yanka ƙyalle, wani mai babbar riga ya yi jawabi cewa ba a taɓa ko tururuwa ba a wannan aiki. Aka tafa. Gizo ya tsaya bakin titi ya ɗaga ƙafa huɗu yana tsayar da jirgi, ko zai kai shi inda 'yan'uwansa suka koma. Jirgi ya zo fuuu, iskarsa ta ɗauke Gizo ta maka shi a kusurwar rufin tasha.

Can ya maƙale. Kullum ya saƙa ɗan gidansa, kullum da safe mai shara ta sa tsintsiya ta share. Shi ya sa har yau ba ku ganin Gizo sai a lungun ɗakin mutane, yana zaman karo.

To kun ji, jikokina. In jama'a suka aike ku, ku isar da saƙonsu kafin ku karɓi shayin kowa. Wanda ya yarda a rushe gidan maƙwabcinsa don a bar nasa, nasa ne za a rushe a ƙarshe, kuma ran nan ba wanda ya rage da zai taya shi kuka. Itacen da ya ga kakanninku kuwa, dashen leda ba ya maye shi.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya kaɗe tabarmarsa.