Amsar Tozali a Gaban Sarki

A zamanin da, tun takarda tana zuwa a bayan raƙumi, an yi wani Sarki mai son littattafai. Yana da wata taska a cikin fada wadda babu zinariya a cikinta, babu azurfa, sai gafaka bisa gafaka, cike da rubutun malaman da suka shuɗe. Duk mai ajiye takarda kuwa ya san babban maƙiyinta ɓera ne. Saboda haka aka sa maguna biyu gadin taskar, 'yan uwan juna, Tozali da Lalle.

Na sha jin masu ba da wannan labari suna cewa wai Tozali muguwar mage ce da ta yi wa Sarki ɓarna. Wannan ƙazafi ne, kuma yau za a gyara shi. Ga yadda abin ya faru.

Wanda ya reni magunan nan wani dattijo ne, Malam Ishiyaku. Shi ya koya wa Sarki karatu tun yana ƙarami, tare da Namakka, wanda ya girma ya zama Waziri. Da tsufa ya kama Malam ya bar koyarwa, ya koma gidansa a bakin ƙofar gabas, ba mata, ba ɗalibi. Ya tsinci magunan tun idonsu bai buɗe ba, ya shayar da su madara da tsumma, da suka girma ya ba fada su kyauta. Amma kullum da hantsi sai ya dogara sanda ya je taska ya gan su.

Ana nan, wata damina Lalle ta mutu. Tozali ta daina cin abinci. Ta hau taga ta kwanta, ɓeraye suna wucewa ta gabanta ko kunne ba ta motsawa. Ba a jima ba aka tarar an gwigwiye gafaka uku. A lokacin kuwa Malam Ishiyaku ya tafi ta'aziyya wani ƙauye mai nisa.

Sarki ya tara fadawa, ya ce, "Kun ji halin da taskata take ciki. Shin a samo wa Tozali abokiyar zama ne, ko a ƙyale ta har ta gama baƙin cikinta?"

Waziri Namakka ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ayari a zango, madugunsu yana da wata farar mage kamar auduga. A bar mini wannan aiki, kafin la'asar an gama."

Aka kawo farar mage, aka sa mata suna Auduga. To, a al'adar wannan fada, duk baƙon da ya sauka da sunan Sarki, mai masauki yakan tashi ya bar masa shimfiɗarsa da akushinsa. Waziri mutum ne mai kiyaye al'ada. Ya sa aka ɗage Tozali daga buzunta aka ɗora Auduga, aka tura wa baƙuwa kaskon Tozali cike da madara, aka ja ƙofa aka rufe, wai su gaisa.

Gaisuwar da suka yi har bayan fada an ji ta. Da aka buɗe ƙofa sai ga gashi yana tashi a iska, kurtun tawada ya kife a kan wani littafi da aka bari a buɗe, Auduga ta maƙale a bayan gafaka tana rawar jiki, Tozali kuma ta koma kan buzunta tana huci. Waziri ya miƙa hannu zai kama ta, ta yakushe shi.

Sarki ya husata. Ya yanke hukunci a sa Tozali a buhu, a ƙetare kogi da ita, a sake ta a daji.

Kafin a zartar, da hantsin washegari, Malam Ishiyaku ya dawo. Bai ko sauka gida ba, da ƙurar tafiya a ƙafarsa ya shiga fada. Ya gaida Sarki yadda ya kamata, don shi ba ya tsallake ƙa'ida ko yana cikin fushi. Sa'an nan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na kawo ƙara."

Sarki ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙarar wa?"

"Ƙarar Wazirinka. Littafin da tawada ta ɓata nawa ne, na nahawu, wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina rubutawa, na ba fada aro."

Waziri ya ce, "Ayya, Malam, ai bai fi shafi talatin ba."

"Talatin da bakwai, Namakka. Na biya ta taska na ƙirga. Tun kana yaro haka kake, in an ce ka ƙirga sai ka kintata." Fadawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Malam ya ci gaba, "Amma littafi ba shi ne babbar ƙarata ba. An yanke wa baiwar Allah hukunci ba a ji ta bakinta ba. Shekara arba'in ina koyarwa, ban taɓa ɗaga tsohon ɗalibi daga buzunsa na zaunar da sabo ba. Kai, Namakka, ranar da aka kawo ɗan Galadima ya zauna a gurbinka, me ka yi masa?"

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Cizonsa ya yi a kunne. Ina wurin."

"To, an ƙetare kogi da shi?"

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Maganarka tana da nauyi, Malam. Amma ɓeraye ba su san shari'a ba, littattafaina suke ci. Mene ne ra'ayinka, a yi mata abokiya ko kuwa?"

Malam ya ce, "Ba ta bukatar kowa. Makoki take yi. Ni na rene ta, ni na ishe ta. In fada ta gaji da ita, a ba ni abata in tafi."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, mage ba ta barin wurin da ta saba. Ko an kai ta ƙofar gabas, gobe tana taska, faɗa ya dawo sabo. Kogi kaɗai zai raba."

Wannan kam Malam ya san gaskiya ce.

Sarki ya ce, "Ka ce ba a ji ta bakinta ba. To, na ba ka daga yau zuwa Juma'ar sama. Ka tambaye ta, ka kawo amsarta nan fada, amsar da kowa zai gani da idonsa. In ta karɓi Auduga, su zauna tare. In ta ƙi, Auduga ta gaji taska, ita kuma hukunci yana nan."

Malam ya fita zuciyarsa a dagule. Ga shi dai ya ce Tozali ba ta bukatar kowa, ga shi kuma in maganarsa ta tabbata, kuraye ne za su ci ta. Ya tsaya a ƙofar fada ya yi tunani, sa'an nan ya nufi zango, wurin madugun da ya kawo Auduga, wani Buzu mai suna Agali.

Ya ce, "Madugu, ni malami ne, amma yau tambaya na zo yi. Wannan farar mage, wane irin hali gare ta?"

Agali ya ce, "Mai sanyi ce, Malam. Tare da uwarta ta taso, uwar ta mutu a hanya. Tun ranar take bin kowa tana kuka."

"To, ku da kuke haɗa dabbobi daga ƙasashe dabam-dabam, in kun sayi sabon jaki, yaya kuke yi tsofaffin ba su harbe shi ba?"

Agali ya yi dariya. "Ai dabba da hanci take gane ɗan'uwa, ba da ido ba. Mukan ɗaura wa baƙon akumarin tsohon, mu ɗaura wa tsohon na baƙon. Mu ɗaure su nesa da juna, kullum muna rage igiya. Kafin mako sai ka ga suna sosa wa juna wuya."

Malam ya yi godiya ƙwarai, ya ce, "Ka koya mini abin da babu shi a littafina."

Ya koma fada ya sa aka kafa zana ta raba taskar biyu. Ya mayar wa Tozali buzunta da kaskonta a gefenta na da, inda taga take. Aka ba Auduga sabon buzu da sabon kasko a ɗaya gefen. Kowace safiya ya shafa jikin wannan da tsumma, ya kai ya ajiye kusa da abincin waccan. Rana ta farko Tozali ta shinshina tsumman ta yi huci ta bar wurin. Rana ta uku ta shinshina ba ta yi huci ba. Rana ta huɗu ta lashi madara kaɗan, Malam ya juya baya yana share ido da hannun riga. Kullum yana matso da kasaken kusa da zana, taki ɗaya, taki ɗaya. A rana ta shida ya ga farar ƙafa ta leƙo ta ƙarƙashin zana, Tozali ta kai mata mari, ta koma gefe ta zauna tana kallon wurin. Ko wasa ne, ko faɗa ne, Malam bai iya rantsewa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, fada ta cika. Malam ya shimfiɗa buzu biyu a tsakiyar fili. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na dama sabo ne, ba wanda ya taɓa hawansa. Na hagu shi Auduga ta kwana tara a kai. Wanda Tozali ta hau, shi ne amsarta."

Aka kawo Tozali a cikin kwando, aka buɗe. Tozali ta fito, ta dubi jama'a, ba ta nufi ko ɗaya daga cikin buzayen ba. Wurin Malam ta tafi, ta goga kanta a ƙafarsa. Da ya ɗan motsa yatsa, da ta haye cinyarsa ta kwanta, kowa ya ga maganarsa ta farko ta tabbata. Malam ya tura hannuwansa cikin riga, ya kafe idonsa a ƙasa, bai ce mata ƙala ba.

Ta jima a nan. Sa'an nan ta taka zuwa sabon buzu, ta shinshina, ta wuce. Ta isa na hagu, ta shinshina tun daga wuya har wutsiya, ta kewaya sau biyu, ta kwanta a kai ta naɗe ƙafafu.

Aka saki Auduga. Ta matso a hankali, cikinta yana jan ƙasa. Tozali ta ɗaga hannu ta ɗan make ta a ka.

Waziri ya zabura. "Kun gani! Ta doke ta!"

Malam ya ce, "Zauna, Namakka. Ba farce a ciki. Gaya mata take yi wace ce babba."

Bai rufe baki ba Tozali ta kama kunnen Auduga tana lasa. Fada ta ɗauki kabbara.

Sarki ya ce, "An ji amsa. An soke hukunci."

Malam Ishiyaku ya durƙusa, abin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su yi ba. Ya ce, "Na gode wa Allah, na gode wa Sarki da ya yi jinkiri, na gode wa Madugu Agali. Kuma a rubuta cewa na yi kuskure. Na ce ni kaɗai na ishe ta, ashe ban ishe ta ba. Waziri ya yi daidai da ya ce a kawo ta biyu. Hanyarsa ce ta karkace." Ya ɗago kai. "Saura shafi talatin da bakwai."

Sarki ya dubi tsohon malaminsa, ya tuna gidan nan na ƙofar gabas da ba a jin motsin kowa a cikinsa. Ya ce, "Abin da tawada ta shafe yana nan a kanka, Malam?"

"Har ɗigo."

"To, Waziri zai riƙa zuwa zaurenka kullum da hantsi, kana faɗa yana rubutawa da hannunsa, har littafi ya cika."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, rubutun Namakka kamar kaza ta taka tawada. Sai na sa shi ya maimaita kowane shafi sau uku."

Sarki ya ce, "Ko sau goma ne, ba gaggawa."

Haka aka yi. Kafin wata ya ƙare babu ɓeran da ya rage a taska, maguna biyu suna kwana a buzu ɗaya, ɗayan buzun yana gefe ba mai hawa. A ƙofar gabas kuwa, masu wucewa da hantsi sukan ji muryar Malam yana cewa, "Goge, Namakka, sake!" Waziri yana gunaguni yana gogewa. Aikin da ya kamata ya ƙare cikin wata biyu sai da ya ci shekara. Ranar da aka rubuta shafi na ƙarshe, Malam ya duba, ya duba, bai sami abin gyara ba, ya rufe littafin.

Washegari da hantsi yana zaune shi kaɗai, sai ya ji sallama. Ga Waziri da alƙalami a hannu, ya ce, "Allah gafarta Malam, na kwana ina tunani, kamar akwai kuskure a shafi na huɗu."

Malam ya san babu. Ya jawo buzu ya shimfiɗa masa, ya ce, "Akwai. Zauna."

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda zai ba da shi gaba, ya ba da shi daidai, kada ya sake ɗora wa Tozali laifi.