Nomau da Dunƙulen Ƙasa

Ku matso nan, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki!

Wani saurayi ne ana ce masa Nomau. Ƙarfi gare shi kamar bijimi, amma haƙuri ko ɗigo babu. Yana zaune da kakarsa Iya Dudu. Idanunta sun tafi, bakinta kuwa yana nan daram. Uban Nomau ya rasu, ya bar masu gona ɗaya da irin gero ƙwarya uku. Rumbunsu ya kusa ƙarewa. In irin nan ya lalace, bana sai yunwa.

Ran nan sai aka yi ruwan farko, gari ya ɗau ƙamshin ƙasa. Sai Nomau ya saɓa sungumi.

Iya Dudu ta ce, "Ina zuwa, maigidana?"

Ya ce, "Shuka, tsohuwa."

Ta ce, "Tsaya. Je ka gona ka tona rami, ka zura hannu har gwiwa, ka ɗebo mini ƙasar ciki. In na matsa ta dunƙule, a shuka. In ta warwatse, a jira."

Ya ce, "Ke da ba kya gani? Ni da idona na ga ruwan nan."

Ta ce, "Saman ƙasa idonka ya gani."

Sai ya yi tsaki, ya ɗebi ƙwarya ɗaya, ya je ya shuke. Sai gero ya tsiro. Sai sama ta ɗauke, rana ta buɗe, tsiro ya ƙone ƙurmus. Sai wata kurciya ta sauka kan kalgo tana waƙa:

"Nomau mai sauri,
Rana ta gode da iri."

Ya jefe ta da hoge, bai same ta ba.

Ana nan sai aka yi ruwa na biyu. Iya Dudu ta ce, "Kawo mini ƙasa." Ya je ya tona kaɗan, sai ya tarar da ƙura. Sai ya ce a ransa, ai makauniya ce. Ya tsiyaya ruwan gorarsa, ya kwaɓa, ya kawo mata.

Ta matsa, ta kai hanci. Sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce, "Kai, maigidana! Yaushe sama ta fara zubo ruwa mai ƙamshin fura? Ko gorar ba ka wanke ba za ka yaudare ni?"

Kunya ta kama shi, amma taurin kai ya fi kunyar yawa. Ya faki barcinta na rana, ya ɗebi ƙwarya ta biyu, ya shuke. Sai gero ya tsiro. Sai ya ƙone. Kurciya ta dawo ta maimaita waƙarta. Wannan karon ko hogen bai iya ɗauka ba, ya zauna a kan kunyar gona ya yi kuka.

Da ya koma gida, sai Iya Dudu ta lalubo ƙwarya ta uku, ta ɗora masa a cinya. Ta ce, "Ga shi nan, ba zan ɓoye ba. Gonarka ce. Daga wannan babu wani."

Nan tsoro ya shiga Nomau, irin wanda bai taɓa ji ba.

Sai aka yi ruwa na uku. Gari kaf ya fita shuka. Nomau ya je gona ya durƙusa ya tona. Damshi ya kai wuyan hannu, daga nan sai ƙura. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya juyo gida.

Abokansa suka ce, "Nomau, ina za ka da iri?"

Ya ce, "Gida. Ƙasa ba ta ƙoshi ba."

Suka ce, "Kun ji, tsohuwa ta mai da shi tsohuwa!"

Ya ce, "Na ji. Ku shuka naku."

Ya zauna yana jira, ƙafarsa na ƙaiƙayin gona. Sai rana ta buɗe, shukar gari ta ƙone. Can sai hadari ya haɗo daga gabas, aka wuni ana sheƙa ruwa. Da ya ɗauke, Nomau ya ruga gona. Ya tona, hannu ya shige har gwiwa cikin sanyi. Ya matsa, ƙasa ta dunƙule kamar fura. Ya kwaso da gudu.

Ya ce, "Iya, ga ta! Matsa ki ji!"

Sai tsohuwa ta mai da hannayenta baya. Ta ce, "Kai ka matsa?"

Ya ce, "Na matsa."

"Me hannunka ya ce?"

"Ya ce a shuka."

Ta ce, "To me ka zo nema wurina? Tashi ka ba ni wuri."

Ya je ya shuke. Gero ya tashi ya fi shi tsawo, rumbu ya cika har suka ba maƙwabta iri. Kurciya ta zo ta duba, ta rasa waƙa, sai ta sauka tana kala. Iya Dudu kuwa ta sha furar sabon gero, ta ce, "Ba laifi. Gobe sai ka koyi wanke gora."

Ƙurunƙus kan ƙusu, na jefa shi bayan danga. Kun dai ji: tsoho in ya ce ku tsaya, ku tsaya ku koya tun yana kusa, don wata rana hannunku kaɗai za ku tambaya. Ku tashi ku kwanta.